Rufin z = 3

Hutun makaranta ya kawo ni ƙauyenmu na wajen Ringim, na tarar Baba ya sa magini yana tayar mini da ɗakin soro a bayan rumbu. Ni kuwa kaina cike yake da lissafin x da y da z, wato na nuna inda abu yake ta tsawo da faɗi da bisa, wanda tushensa ke komawa ga aikin Bafaranshen nan Rene Dekat na 1637. Ilimi irin wannan ba ya zama a ciki.

Na ɗauki tsinke na zana wa maginin a ƙasa. Na ce, "Kawu, wannan kusurwar ita ce mafari. Daɓe shi ne z = 0. Bangon yamma x = 0, na gabas x = 4, ko za a ja su har Maiduguri ba za su haɗu ba. Rufi kuwa z = 3 nake so, ko'ina mita uku cif daga daɓe, kada wani gefe ya ɗara wani."

Ya ajiye azarar da ke kafaɗarsa ya dube ni.

"Ɗan boko, ruwan fa? Ta ina zai gangara zuwa indararo?"

Na ce a littafinmu babu indararo. Baba, da yake shi ya biya kuɗin littafin, ya ce a yi yadda yaro ya ce. Kawu ya yi shiru ya ci gaba da aiki. Rufi ya fito sumul kamar faifai, har na riƙa kawo abokai kallo.

Sai ruwan Agusta ya sauka da tsakar dare. Indararon kowa yana zuba, nawa ko ɗigo. Ruwa ya kwanta a sama abinsa, makuba ta jiƙe, kafin asuba ya sauko mini har idon sawu.

Na haska tocila, sai farin ciki ya kama ni. Ruwan ya kwanta daidai wa daida, tsayinsa ɗaya daga wannan bango zuwa wancan. Shimfiɗa ce ta gaske, z = 0.1, babu maginin da zai iya fitar da irinta. Duk ƙauyen nan ruwa kaɗai ya gane darasina.

Ina cikin yi wa Inna wannan bayani ta miƙo mini ƙwarya.

"To malam, kwashe shi ya koma sifiri. Tabarmata ce a ƙarƙashi."