Rigar barci har hantsi a Makka: son jiki ne, ko agogo ne ya bambanta?

Akwai wata 'yar tsama da ke yawan tasowa tsakanin Hausawa mazauna Saudiyya da 'yan'uwansu na gida, kuma kiran bidiyo na WhatsApp ne ke rura ta. Makka tana gaba da Kano da awa 2. Idan Hajiya ta gama karin kumallo a Fagge da ƙarfe 9 ta ce bari ta ga jikokinta, a nan Makka ƙarfe 11 ta yi. Sai surukar ta ɗaga waya da rigar barci a jikinta, ta yafa mayafi a gurguje. Bayan gaisuwa Hajiya ta ce, "Yo ke 'yar nan, ba dai yanzu kika tashi ba?" Ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a Hajiya, tun asuba idona biyu." Daga nan a shiga wata hirar, amma kafin azahar magana ta zaga dangi: matar wane ta je Saudiyya ta koyo son jiki.

Ni dai a ganina an ɗora wa rigar nan laifin da ba nata ba. Kafin a yanke wa mai ita hukunci sai an san ƙarfe nawa ya kwanta, sannan a san wa ke ganinsa a cikinta.

Mu da muka tashi a ƙasar Hausa, rana ce ta tsara mana rayuwa. Gona da sanyin safiya ake zuwa, kasuwa da hantsi take ci, dare kuwa in ya yi, musamman da yake wutar lantarki ba ta da tabbas, kowa makwancinsa yake nema. A irin wannan tsari, duk wanda hantsi ya tarar a kan gado ko dai ba shi da lafiya ko kuma rago ne, shi ya sa muke ce masa barcin asara. A Hijaz, yankin su Makka da Jidda, zafi ne ya tsara komai. A aikin hajjin 2024 ma'aunin zafi a Masallacin Harami ya kai digiri 51.8, alhazai sama da 1,300 suka rasu. Duk shekara hukuma na hana a sa ma'aikaci aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Garin da rana ke kisa, dole mutanensa su kwashe harkokinsu su kai dare. Ciniki bayan isha'i yake kankama, ziyara bayan isha'i ake yi, biki kuwa a Jidda sau da yawa ba a fito da amarya sai dare ya raba. Tun Janairun 2020 ma aka ba shaguna damar kwana a buɗe idan sun nemi izini. Ga kuma lissafin kalandar Ummul Ƙura, wadda ke sa isha'i minti 90 bayan magariba: a watan Yuni sai ƙarfe 8 da rabi ta wuce ake kiran isha'i a Makka, asuba kuma ƙarfe 4 da 'yan mintoci. Ko da mutum ya kwanta da sallame sallah, bai samu awa 8 ba. Wa ke kwanciya a lokacin? Da azumi kam ba a ma magana, dare da rana musayar wuri suke yi, har ofisoshin gwamnati sai ƙarfe 10 suke buɗewa.

Sannan a dubi sana'o'in da mutanenmu ke yi. Mai tsire a Sharamansur, titin Mansur na Makka, wanda har Larabawa ke yi wa layi, da yamma yake hura wuta, ba ya nannaɗe kaya sai tsakar dare ya gota. Saurayin da ke tura tsofaffi a keke su yi ɗawafi da sa'ayi, da dare yake samun aiki, don a lokacin ne jama'a ke fitowa. Haka direban da ke jigilar masu umara daga filin jirgin Jidda, da ma'aikacin otal, da matar da ke tuƙa wa alhazai tuwo a Misfala. Irin waɗannan sai sun yi sallar asuba suke kwanciya barcin gaske. Hausawa da kansu suka ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Na san hujjar da za a kawo, kuma hujja ce mai ƙarfi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Sakhrul Gamidi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Shi Sakhru ɗan kasuwa ne, ya riƙa tura hajarsa da farkon yini, ya kuwa yi arziki. Ba mai musun wannan. Sai dai hadisin a kan sammakon nema yake magana, bai ambaci tufa ba. Matar da ta tashi ƙarfe 4 ta yi sallah, ta haɗa abin kari, ta shirya yara suka fita makaranta kafin 7, ta share gida, ta zuba wanki a inji, duk a cikin rigar da ta kwana, wannan ta yi sammako. Wanda ya yi wanka ya sa farin tob mai guga, wato doguwar rigar mazan Saudiyya, ya zauna latsa waya har azahar, shi ne bai yi ba. Wanda kuwa ya kwana kallo ya bar asuba ta wuce shi, laifinsa daban ne, kuma babu gugar da za ta rufe shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda duk nasihar ta tare a kan mata. Saƙonnin murya sun cika waya: uwargida ki yi wanka tun miji bai buɗe ido ba, ki yi kwalliya, ki fesa turare, kada ya gan ki da kayan jiya. To madalla. Amma a leƙa falo ranar Juma'a ko Asabar, ranakun da suka zama na hutu tun 2013, a ga shi maigidan. Yana nan a miƙe gaban na'urar sanyaya ɗaki, daga shi sai singileti da farin wando, gashin baki duk ful, wato dafaffen waken karin kumallo, yana neman a ƙaro masa shayi. Ban taɓa jin an yi masa saƙon murya ba. Alhali an ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa yana son ya yi wa matarsa ado kamar yadda yake son ta yi masa. In dai kwalliyar safe haƙƙi ce, to ta kowa ce.

Kuma a daina yi kamar yau aka fara. Kakanninmu mata da zanen da suka kwana suke yin ɗaurin ƙirji, su yi daka, su yi shara, su ɗora sanwa, sai aiki ya lafa su yi wanka su ɗauko na adaka. Ba wanda ya ce musu ragwaye, don kowa ya san ba a shiga madafa da kayan fita. Inda zan yarda da masu suka shi ne tsafta. Rigar da aka yi gumi a cikinta, aka soya albasa, aka goge wa yaro hanci, sannan da dare aka koma gado da ita, wannan ƙazanta ce, ba ruwanta da agogo. Maganinta mai sauƙi ne, a ware ta barci daban, ta zaman gida daban.

Wani abin dariya ma, abin da ake kira kayan barci ya danganta da inda kake. Jallabiyar nan mai launi da gajeren hannu, wadda alhazai ke saye dozin-dozin a shagunan kusa da Harami ko a Balad, tsohon garin Jidda, su kai tsaraba, a Kano da Zinder da ita ake zuwa masallaci, wani har ɗaurin aure. A wurin ɗan Saudiyya kuwa rigar barci ce da zaman gida, ba zai shiga ofis da ita ba. Baƙo ya sauka ya saye ta ya fito yana taƙama, bai san kallon da ake masa ba. Al'adar gari ce ke faɗin wace riga ce ta ina, kuma wanda ya zauna a garin mutane sai ya kula da tasu.

A nan ne sassaucina ya ƙare, wato a bakin ƙofa. A Afrilun 2019 Majalisar Ministoci ta amince da dokar kiyaye ɗa'a a bainar jama'a, aka fara aiki da ita a ƙarshen Satumbar shekarar, daidai lokacin da aka buɗe bizar yawon buɗe ido. Laifuka 19 aka jera da farko, a cikinsu har da fita da kayan ciki ko kayan barci: tarar riyal 100, in aka sake 200. Wasu na ganin shisshigi ne, ni ban ga haka ba. Dokar ba ta shiga ɗakin kowa ba, ta tsaya a titi da kasuwa da gidan abinci, wuraren da idon wani ke da haƙƙi a kanka. Ɗan'uwanmu da ke cewa ai nan da bagala ne, wato kantin unguwa, burodin tamis kawai zan karɓo, ya tuna cewa in an tsayar da mutum ba a kan riga kaɗai ake tsayawa ba, za a ce ina igama, wato katin izinin zama. Wanda takardunsa ke da 'yar matsala ya san riyal 100 ce mafi sauƙin abin da zai biyo baya. Mata su sun huta, abaya kawai za a zura a kan ko mene ne, ba mai sanin abin da ke ƙasa sai Allah.

Masallaci ya fi titi cancantar a kula. Suratul A'araf, aya ta 31, ta umarci 'yan Adam su riƙi adonsu a kowane masallaci. Amma a tsaya a sahun asuba a masallacin unguwa a gani: mutum ya shigo da riga duk ta yamutse, shatin matashin kai a kumatu, warin barci na tashi, ya manna kafaɗarsa da taka. Mutumin nan ba zai je gaban kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa zaman ƙasar, haka ba. Rataye tob mai tsabta a bayan ƙofa tun da dare ba ya cin minti 1.

Cikin gidan ma ba duka ne ɗakin barci ba, kuma wannan ne mutanenmu suka fi sakaci da shi. Suratun Nur, aya ta 58, ta ware lokuta 3 da yara da masu hidima za su nemi izini kafin su shigo: kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe tufa da tsakar rana, da bayan isha'i. Addini ya san mutum na buƙatar lokacin sakewa, har ya sa na ƙailula a ciki. Amma ayar ta nuna cewa a sauran lokutan ana shige da fice, don haka sai a kasance cikin suturar da ta dace da idon wanda zai shigo. A gidan gargajiya akwai zaure, akwai sallama, akwai tazarar da mace za ta ɗauko mayafi kafin baƙo ya ƙaraso tsakar gida. A gidan haya na bene, ana buɗe ƙofa an faɗo falo. Tun da aka fara rushe unguwanni a Jidda a ƙarshen 2021, irin su Sabil da Karantina da Gulail da Kandara, haya ta yi tsada, iyalai da dama suka koma zaman cunkoso. Ga ƙanin miji a ɗaki guda, ga baƙin umara daga gida sun sauka mako 2, ga yara sun fara wayo, ga mai kawo saƙon abinci yana ƙwanƙwasa ƙofa. A irin wannan gida, riga mai shara-shara ba ta da hurumin fitowa falo ko da ƙarfe 6 na safe ne. Ƙanin miji ba muharrami ba ne, kuma shi ma ba shi da izinin yawo da gajeren wando a gaban matar yayansa. Mata da miji su kaɗai a gidansu kuwa, in sun ga dama su kai la'asar, ba ruwan kowa.

Akwai dai wata rigar barcin da ke tayar min da hankali, ita ce ta samarinmu. Lokacin korona an kulle Makka da Madina awa 24 tun daga 2 ga Afrilun 2020, karatu ya koma manhajar Madrasati, yaran firamare ba su koma aji ba sai a Janairun 2022. Yara da yawa a kan katifa suka yi darasi, sabon ya zauna musu. Wasu sun girma yanzu, an haife su a nan, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, amma ba 'yan ƙasa ba ne, ayyuka da yawa kuma an keɓe wa 'yan ƙasa tun da aka kawo tsarin Niɗaƙat a 2011. Saurayi ɗan shekara 22 ya kwana buga wasa a waya, ya kwanta bayan asuba, ya tashi bayan azahar, ya ci abinci ya koma, rigar jiya ita ce ta yau ita ce ta gobe. Wannan ba mai tsire ba ne da ya kwana aiki. Ba ya canza kaya ne saboda ba inda za shi, ba kuma wanda ke jiransa. Haka amaryar da aka kawo daga gida, ba uwa ba ƙawa, miji ya fita tun safe ya ja ƙofa. Idan aka ga ta yi kwanaki a riga ɗaya, ta daina kitso, ta daina kiran gida, a tambaye ta abin da ke damunta kafin a kira ta ƙazama, don damuwa da haka take farawa, kuma ciwo ce da likita ke dubawa.

Faɗa ba ya raba irin waɗannan da rigar. Uban da ya ga ɗansa a haka, kafin ya daka masa tsawa ya tashi ya sa kaya, ya fara nemo masa inda zai je da kayan: karatun Alƙur'ani a masallacin unguwa, ko kai ƙannensa makaranta, ko raka kawunsa sayen kayan miya a kasuwar Ka'akiyya. In ya san akwai mai jiransa a ƙasan bene da ƙarfe 7, da kansa zai nemi dutsen guga tun da dare.