Buhun Gahawar Kawu

Sana'ata kai albasa daga Garwa, a arewacin Kamaru, zuwa kasuwar Bafusam, in juyo da goro da dankalin turawa, don haka babu ramin da ban sani ba a hanyoyin tsaunukan yamma. Sanin nan ne ya ja mini. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ɗan kasuwar atamfa, ya gaji da jin labarin ƙasar a bakina, ya miƙo mini makullin tsohuwar Peugeot 504 ɗinsa ya ce ni ne direba, ni ne ɗan jagora, shi kuwa ɗan yawon buɗe ido. Farkon Nuwamba ne. A Garwa har an manta da ruwan sama, a can kuma damina ba ta gama naɗe tabarmarta ba.

Abu uku na ce ya ɗauka: rigar sanyi mai kauri, takalmi rufaffe mai kaushin ƙasa, da lema. Ya zo da manyan riguna biyu na shadda, farare tas, da takalmin fata mai santsi.

"Ɗan nan, ni da na ci hunturun Marwa, wane sanyi za ka nuna mini?"

Hanya biyu ce. Mai tausayin jikinsa ya bar mota a Ngaundare, ya hau jirgin ƙasa na dare ya wayi gari a Yawunde, daga nan ya shiga bas ta Bafiya da Makenene har Bafusam. Mai taurin kai ya yanke ta Tibati, Banyo, Mayo Darle, Bankim, Magba, ya faɗa Fumban. Ta biyun ta fi gajarta a taswira, amma inda babu kwalta jar ƙasa ce, ƙura da rani, taɓo da damina. Ba a shigarta sai da tayar safaya biyu, shebur, igiya mai ƙarfi, jarkar ruwa, da faffaɗan katako da za a ɗora jak a kai, don jak a kan taɓo nutsewa yake yi ya bar mota inda take. A cika tanki a Tibati, a ƙara a Banyo. In mota ta kafe, ba a taka totur da ƙarfi, haka taya ke haƙa wa kanta rami. A sa giya ta biyu, a ɗan rage iskar taya, a cusa ganye da tsakuwa a ƙarƙashi, masu turi su kama ta gefe.

Wannan na ƙarshen na faɗa wa Kawu da bakina bayan mun wuce Mayo Darle. Ita 504 da ƙafafun baya take ja, duk wanda ya tsaya daidai bayansu shi ne zai karɓi abin da suka watso. Kawu ya ce turin gefe turin ragwaye ne. Mota ta fita. Da na leƙa madubi, hula kaɗai na gane.

Rigar farko ke nan. Sanyin kuwa bai jira ba. Garwa ba ta kai mita 300 a saman teku ba, Fumban ta haura 1,100, kuma duk mita dubu da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6, ga danshi da ke shiga ƙashi. Da asuba na ji shi a bakin famfo yana tambayar mai masauki ko akwai fatawar taimama ga wanda ruwa ke gabansa amma ruwan na neman ransa. Da hantsi muka tafi gwanjo. Abin da ya shige shi kaɗai wata jibgegiyar rigar sanyi ce ruwan hoda mai hula, ya ɗora babbar riga a kai, muka nufi fada.

Fumban ta cancanci wahalar. Fadar tana tsakiyar gari kusa da kasuwa da babban masallaci, bene ne na jan bulo da Sarki Ibrahim Njoya ya gina a 1917. Njoya shi ne ya ƙirƙira wa mutanensa, ƙabilar Bamun, rubutunsu tun wajen 1896, ya faro da alamomi kusan 500, ya yi ta tacewa har suka dawo 80, ya buɗe makarantu, ya rubuta tarihin ƙasarsa da shi, har injin niƙan masara ya ƙera. Faransawa suka kai shi Yawunde a 1931, a can ya rasu a 1933. Karagar mulki mai adon duwatsu da ya aika wa sarkin Jamus a 1908 tana Berlin. Sabon gidan tarihin da aka buɗe a 2024 an gina shi ne da siffar tambarin masarautar, maciji mai kai biyu da gizo-gizo a bisansa. Kawu ya tsaya a ƙofa ya ce shi bai taɓa biyan kuɗi don ya shiga cikin maciji ba. Ya shiga, ya kuma daɗe, musamman da ɗan jagoran gidan ya yi bayanin bikin Nguon, wanda ake yi duk shekara biyu, inda sarki ke sauka daga karaga ya tsaya jama'a su zayyana masa laifuffukansa kafin a mayar da shi. Ya ja ni gefe ya ce kada in kuskura in kai wannan labarin gida, Hajiya ta ji.

A unguwar maƙera a yi hankali. Aikin tagullarsu na gaske ne: a siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, a fasa yumɓun. Saye shi a matsayin sabon aiki mai kyau. Wanda aka ce maka na kakan kakan sarki ne, sau da yawa hayaƙi da ƙasa ne suka tsufar da shi a bayan gida. Nan Kawu bai faɗa ba, ɗan kasuwa ne, ya shinshina ya ajiye.

Inda ya faɗa gona ce. Daga Fumban zuwa Bafusam kilomita 70 ne ko kusa, ta Kutaba da Fumbot, baƙar ƙasa ce ta tsohon aman wuta, shi ya sa tumatir da wake da gahawa ke yi. Daga Fumbot ake ratsewa zuwa Dutsen Mbapit, mai tafki a ramin ƙololuwarsa, hawa ne na ƙafa, a fara da sassafe don bayan azahar hazo ke rufe komai. Tafkin Monun ma a yankin yake, wanda iskar da ta fito daga cikinsa ta kashe mutum 37 a 1984. Da Kawu ya ji haka ya ce tafkunan nan a gaishe su daga nesa. Sai na kai shi wajen wani manomi da nake sayen goro a hannunsa, Bamun ne, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Garwa.

Gahawar tudu, arabika, ba ta son ƙasa da mita dubu, ba ta kuma son rana tsagwaro, don haka a inuwar ayaba da goro da fiya ake shuka ta. Sai ta shekara uku zuwa huɗu take fara 'ya'ya. Daga Oktoba zuwa Disamba ake tsinka, da hannu, ja kaɗai, a bar kore sai wani zagayen. Manomin ya nuna mana aikin daki-daki. A zuba 'ya'yan a ruwa, masu tasowa a yar, ƙwari sun ci su ko ba su cika ba. A bare ɓawon da injin hannu a ranar da aka tsinka, ba gobe ba. Kowane ɗa ƙwaya biyu ne a ciki, lulluɓe da yauƙi mai zaƙi. A bar su a kwarami kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi yauƙin ya saki, alamar ita ce ka murza ka ji kaushi. A wanke, a shanya a kan gado mai raga, ana juyawa, har danshi ya sauko wajen kashi 12 cikin ɗari. Sannan a kai ƙungiyar manoma ko ɗan saye. Babbar ƙungiyar yankin, UCCAO, an kafa ta a 1958, tana Bafusam.

Duk wannan Kawu bai ji ba. Farashin kilo na ɗanyen 'ya'ya ya ji, ya auna da kuɗin ƙaramin gwangwanin garin gahawa a kantin Garwa, idonsa ya yi haske. Ina can ina duba goro, ya sa yara suka ɗura masa kilo 60 a buhun leda, aka ɗaure baki tam, aka sa a but.

Manomin ya ce, "Alhaji, wannan ba ya kwana."

"Malam, ni kaya ba ya lalacewa a hannuna."

Na yi masa lissafi a hanya. Kilo shida na ja ne ke ba da kilo ɗaya na busasshiyar ƙwaya, wato buhunsa kilo goma ne, sauran hamsin ruwa da ɓawo ya saya. In an soya, kusan kashi ɗaya cikin biyar zai sake tafiya. Ya ce hassada ce irin ta masu albasa.

Muka ci gaba da yawo, buhu na but. Mun tsaya a magangarar ruwan Mece da ke hanyar Mbuda, inda za ka ga gishiri da manja da mutanen yankin ke zubawa a kan duwatsu, wurin da aka riƙa jefa 'yan gwagwarmayar neman 'yanci a ƙarshen mulkin Faransa. Ba wurin wasa ba ne, kuma matakalarsa santsi gare ta. Mun ga babban zauren ciyawa na fadar Banjun mai ginshiƙai sassaƙaƙƙu. Mun kwana a Cang, wanda a allon hanya za ka ga an rubuta Dschang, mita 1,400, garin da Faransawa suka gina wurin shan iska a 1942. Gidan tarihinsa na bakin tafki ya fi ƙarfin awa ɗaya in kana karanta bayanan.

Daga Cang zuwa Sancu gangara ce ta wajen mita 700, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Direban fili a nan yake ƙona birki: ya ɗora ƙafa bai ɗaga ba, ƙarfe ya yi zafi, man birki ya tafasa, ya taka ya ji feda ta tafi ƙasa babu komai. Da giya ake sauka, ta biyu, injin ya riƙe motar, birki a taɓa a saki. In ka ji ƙauri, tsaya ka jira ya huce da kansa, kada ka watsa ruwa. A ƙasa zafi ya dawo, gahawar ma ta canja, nan robusta ce, ta fi ɗaci, ta kuma ninka arabika wajen hana barci. Bayan Melong aka ratse zuwa Ekom Nkam, ruwa na faɗowa daga tsayin mita 80, feshinsa na jiƙa mutum tun daga nesa. Takalmin fata ya sauko da Kawu matakala huɗu na ƙarshe a zaune. Riga ta biyu ke nan.

Mota kuwa ta wuni a rana a ƙasa mai zafi. 'Ya'yan gahawa cike suke da sukari da ruwa, in aka tara su a leda babu iska, zafi suke ɗauka su fara tsima da kansu. Tun a Cang nake jin wani tsami-tsami, Kawu ya ce fiyar da muka saya ce. A hanyar komowa, a wani shinge, jandarma ya karɓi takardu, ya miƙo, ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya ɗaga hanci. Ɗan arewa ne, ya san abin da hancinsa ya gaya masa. But ɗin na ɗigar da wani jan ruwa mai kumfa, warinsa sak na bilbil, wato burkutu, ranar kasuwa.

Ya dubi Kawu: gemu fari, carbi a hannu, rigar sanyi ruwan hoda.

"Alhaji, har da ku?"

"Wallahi, shef, gahawa ce!"

"Kowa da sunan da yake kiranta. A buɗe."

Aka kwance bakin buhu, tururi ya taso, ƙananan ƙudaje suka biyo baya. Abokan aikinsa suka taru, fasinjojin wata bas suka sauko kallo, wata tsohuwa mai sayar da gasasshiyar ayaba ta tsoma hannu ta fitar da sauri, ta yi wa Kawu doguwar magana da yarensu wadda babu wanda ya yarda ya fassara. Jandarman ya sake mu, amma sai da ya roƙi Kawu, don girman Allah, kada ya ce wa kowa a ƙasarsu ya sayo.

A Garwa aka baje a kan rufin siminti. Shanyar gahawa da ɓawonta hanya ce da ake bi, amma tun ranar farko ake shimfiɗa ta, kaurin yatsa biyu, ana juyawa sau da yawa a wuni, mako uku ko fiye, sai ka girgiza ka ji ƙwaya na kaɗawa a ciki. Tamu ta riga ta yi funfuna. Hajiya ta hana turminta, aka aro na maƙwabta, rabin ƙwayar ta farfashe a sussuka. Da aka tsince baƙaƙe da masu wari, abin da ya rage bai cika kwano biyu ba.

Suya a kasko minti 12 zuwa 15 ce, wuta matsakaiciya, hannu ba ya tsayawa. In ta fara ƙara tas-tas, a ƙara minti biyu a juye a faifai a fifita. Kawu ya ce bai ga ta yi baƙi ba, ya bar ta har ta yi maiƙo tana hayaƙi. Awon sha kuma gram 60 ne a lita ɗaya, ruwa ya tafasa a sauke, a zuba, minti huɗu a tace. Shi ya dafa ta dahuwar shayi, a buta a kan gawayi, zagaye uku, bayan isha'i, ya kira abokan hirarsa na ƙofar gida. Ɗanɗanonta tsami da ƙauri ne, amma kunya ta sa kowa ya shanye. Abin da ke hana barci a gahawa sai ya yi wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Liman ya ce tunda yake a masallacin bai taɓa ganin dattawan unguwa sun riga ladan zuwa asuba ba.

Ragowar Kawu ya ƙulla a leda ya kai wa masu gadin layinsu a kasuwa, kyauta. Shugabansu ya same ni a tasha ina lodin albasa, idonsa jawur, ya ce in gaya wa Alhaji suna godiya, in kuma zan sake zuwa yamma, 'yan layin takalma ma suna son buhu ɗaya.