An sauya allon bakin ƙofa, an manta da malamar rabin aji

Duk ranar da aka sanar cewa wata kwalejin ilimi ta zama jami'a, sai Facebook ya cika da barka, 'yan majalisar yankin kuma su shiga rige-rigen cewa su ne suka kawo. An yi haka a Kano, an yi a Zariya. Ni dai ban taya kowa murna ba, kuma har yau ban ga abin murnar ba.

Kowa ya san irin wasan ƙwallon da aka yi da waɗannan makarantu. A watan Mayun 2015, saura 'yan kwanaki ya sauka, Jonathan ya ɗaga kwalejoji huɗu zuwa jami'a: ta Kano, ta Zariya, Adeyemi a Ondo da Alvan Ikoku a Owerri. Buhari ya zo ya taka wa abin birki, daga baya aka sake tayar da shi. Gwamnatin Ganduje ta mai da kwalejin ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kano jami'a gab da tafiyarta, wadda ta gaje ta kuma ta dawo da ita kwaleji. Ga kuma dokar 2023 da ta ba kwalejojin tarayya damar ba da digiri tare da shaidar koyarwa ta NCE. Duk wannan kai-komo, gardamar ba ta wuce kujerar shugaban makaranta da matakin albashi da sunan da za a rubuta a ƙofa ba. Wa zai koyar da yaro ɗan shekara huɗu? Wannan tambayar ba ta samu shiga zauren ba.

Alhali aikin da aka kafa kwalejojin dominsa ke nan. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin abin da ya rataya a wuyan hukuma. Amma leƙa rabin aji a makarantar kuɗi ta unguwarku. Sau da yawa yarinya ce da ta gama sakandare tana jiran sakamakon JAMB, an damƙa mata bulala da alli da yara fiye da abin da ɗakin zai ɗauka, ana ta rera A, B, C har a tashi. Ba laifinta ba ne, ba wanda ya taɓa nuna mata yadda yaro ke koyo ta hanyar wasa, ko yadda ake gane wanda ba ya ji sosai, ko dalilin fara masa da harshen da ya sha a nono. Muna ta cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sannan mu miƙa icen ga wanda ya fi araha.

Amurkan da muke son kwaikwayo ba haka ta yi ba. Suna da kwalejojin al'umma na shekara biyu kusan dubu. Ta Joliet a jihar Illinois an buɗe ta a 1901, kuma shekara fiye da 120 ke nan ba ta ji kunyar amsa sunan kwaleji ba. A irin waɗannan makarantu mai son renon yara da koyar da su yana da kwas ɗinsa, mai son ilimin tattalin arziki yana da nasa, ana kuma koya wa ɗalibi yadda zai nemi aiki da yadda zai riƙe shi. Akwai ajin yamma saboda ma'aikata da matan aure. Wanda ya so ya wuce jami'a ya ƙarasa digiri, wanda bai so ba ya kama sana'a. Jill Biden tana matar shugaban ƙasa ta ci gaba da koyarwa a irin wannan kwaleji a Virginia. A nan da tuni an sauya wa makarantar suna don girmama ta.

Kuma ba don tausayi suke yi ba, lissafi ne. A shekarun 1960 an ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa a garin Ypsilanti na jihar Michigan, aka sa wasu a rabin aji mai inganci, aka bar wasu, aka yi ta bibiyar rayuwarsu har suka girma. James Heckman, wanda ya ci kyautar Nobel a tattalin arziki a 2000, ya ƙiyasta ribar kuɗin da aka kashe da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a duk shekara. Ɗalibin da ke haddace ma'anar tattalin arziki a kwalejojinmu zai iya fita bai taɓa jin wannan ba, balle ya iya lissafa kuɗin haya da albashi da kuɗin makaranta idan ya so buɗe ajin yara a layinsu.

Masu cewa matasa sun guji NCE don haka dole a ba su digiri, sun bar jaki suna dukan taiki: albashin suka guda, ba sunan kwalin ba. Wanda ya sha wahalar shekara huɗu ya karɓi digiri ba zai zauna a tabarma da yara yana share musu hanci a kan abin da bai kai kuɗin mota ba. Banki zai nema, ko ma'aikata, ko ya sayi fom ɗin digiri na biyu. Haka aka rushe kwalejojin horas da malamai masu ba da shaidar Gired Tu da sunan ci gaba, yau dattawa na ta kukan rashinsu, ga shi muna sake bin sawun.

A dakatar da wannan sauye-sauyen suna haka nan. A bar kwaleji ta zama kwaleji, a buɗe gajerun kwasa-kwasai na yamma ga matan da tuni suke cikin azuzuwan, a haɗa musu da ɗan lissafin kasuwanci, jihohi kuma su biya malamar rabin aji abin da zai riƙe ta. Ɗan majalisar da ke neman abin nunawa a mazaɓarsa, ya je ya ƙirga malaman ƙananan yara nawa ne a ƙaramar hukumarsa suke da horon aikin, ya liƙa adadin a allon da ya sa hotonsa.