Injin ɗumama gida ba janareto ba ne

Injin ɗumama gidanmu a nan Winnipeg ta ƙasar Kanada ya mutu ne tsakiyar Janairu, sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. Na tashi alwalar asuba na taka tayil ɗin banɗaki kamar na taka ƙanƙara, uwargida na ta cewa Abban yara taɓa ramin iskan nan ka ji, ba abin da ke fitowa. A Zariya in hunturu ya matsa ai rigar sanyi ce da bargo da kunu mai zafi, tsofaffi su ja kaskon gawayi kusa, rana na ɗagawa shi ke nan an manta. Can jikinka kake ɗumamawa. Nan kuwa ginin ne gaba ɗaya, don in gida ya huce ruwan famfo daskarewa yake cikin bututu ya fasa shi, ka wayi gari da tafki a ɗakin ƙasa.

Makanikin da ya zo ya haska tocila ya nuna min tsaga a jikin ƙarfen da wuta ke gasawa, ya ce gyara ɓarnar kuɗi ne, dama irin injinan nan shekara 15 zuwa 20 suke yi. To sai sabo.

Nan fa halinmu na gida ya motsa. Na ce a kawo min mafi girma kawai, mai BTU dubu 100, wato ma'aunin yawan zafin da inji ke bayarwa, don ni tunanin janareto nake, wanda in za ka saya kullum shawara ita ce ɗauki babba ya ja firij da fanka da dutsen guga. Cikin masu sa injin da na kira, na farko bai musa ba ko kaɗan, ya rubuta farashi yana murmushi. Na biyun ne ya ɓata kusan awa guda yana auna tagogi, ya leƙa saman silin ya duba kaurin audugar da ke riƙe ɗumi, sannan ya ce dubu 60 ya ishe mu. Na ɗauka raina ni ya yi wallahi. Ashe in inji ya fi ƙarfin gida, cikin mintuna kaɗan yake cika falo da zafi ya kashe kansa, ɗakunan sama ba su samu ba, ya sake tashi ya sake mutuwa haka dai yini guda, ga cin gas ga saurin lalacewa. Shi na ba aikin, kuma duk ɗan uwan da zai saya ina ce masa wanda bai auna gidanka ba kar ka ba shi ko sisi.

Maganar tsimin gas ba ta ba ni wahala ba, tun 2019 dokar Kanada ta sa sababbi su kai kashi 95, wato a gas ɗin dala 100 ta biyar ce kawai ke bin iska. Sai dai hayaƙinsa ta bututun roba yake fita a gefen gida, in dusar ƙanƙara ta toshe bakin sai injin ya tsaya, yanzu shebur ɗina can yake fara zuwa kafin ƙofar gareji. Wani abokina a Vancouver yana ta zuga ni in sa mai lantarki irin esi da ke aiki a juye, na ce Malam sanyinku wasa ne, a nan dole sai da wani abin ɗumamawa na ko-ta-kwana a bayansa.

Abin da ya fi tsaya min a rai tsagar nan ce. Gubar da kan yoyo ta wurin ba wari ba launi, ita ce dai wadda ke kashe iyali guda a gida in an kwana da gawayi ko janareto a rufe. Nan ƙaramar ƙararrawa ake mannawa a bango ta yi ihu, na sayi biyu ranar, har na ƙara ɗaya da zan aika gida. Da na kira Hajiya ina ba ta labari cewa ta yi, to ku ba ku da kasko ne a can?