Abin da ya rushe fadar baraden yana cikin zukatansu

Assalamu alaikum ƙannena masu neman halak a Legas, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da sauran unguwanni.

Da yawanku idan an tashi kasuwa sai ku duƙufa kan waya kuna kallon finafinan barade ko buga wasanninsu: mahaya dawakai cikin sulke da kwalkwali, a duniyar dodanni da matsafa. Ban zo hana ku ba, matuƙar ba su ci muku lokacin salla ba. Damuwata ita ce sara da sukan kuke kallo, kuna tsallake abin da ya fi su ɓarna.

Da yawan labaran nan daga almarar Sarki Arthur ta Ingila suka samo tushe. Tun wajen shekarar 1155 aka rubuta cewa sarkin ya sa an yi wa baradensa teburi zagayayye, don kada wani ya ce shi ke sama wani ke ƙasa. Teburin ya daidaita kujeru, amma zukata ba su daidaitu ba. Lancelot ya fi kowa jarunta da suna, sarki ya yarda da shi, shi kuwa yana cin amanarsa da matarsa. Wannan laifi ne babba, babu mai wanke shi. To amma ku dubi wanda ya tona, wato Agravain, ɗan 'yar'uwar sarki. Ba kishin mutuncin kawunsa ne ya motsa shi ba, ɗaukakar Lancelot ce ta daɗe tana ci masa rai. Yayansa Gawain ya gargaɗe shi ya ƙi ji. Agravain da ɗan'uwansa Mordred da barade 12 suka ɗana wa Lancelot tarko, a daren nan Lancelot ya kashe Agravain da sha biyun duka, Mordred kaɗai ya tsira da rauni. Gaskiya ya faɗa, amma hassada ce ta ɗauko ta, kuma shi ta fara ci.

Wanda ya fi ba ni tausayi Gawain ne. Lokacin da Lancelot ya zo ƙwatar sarauniya daga hukuncin ƙonawa, cikin ruɗani ya kashe ƙannen Gawain biyu, ba su ɗauke da makami. An zalunci Gawain, ba shakka. Sai dai ya riƙe abin ya ƙi saki. Paparoma ya sa baki, an mayar da sarauniya, Lancelot ya nemi sulhu, Gawain ya ce sai jini. Ya ja sarki da runduna suka tsallaka Faransa, aka bar wa Mordred riƙon ƙasa. Shi kuma dama yake jira: ya ƙirƙiro wasiƙun ƙarya cewa sarki ya mutu, ya haye gadon sarauta. A yaƙin ƙarshe Arthur ya soke shi da mashi, shi ma ya yi wa sarki saran da bai tashi ba. Fadar da maƙiyan waje suka kasa, 'ya'yanta suka gama da ita.

Ku lura, babu ɗaya cikinsu da ya ɗauki kansa mugu, kowa da hujjarsa. Nan ne nake jiye muku. Yaron da maigida ya ɗauko daga ƙauye, ya biya masa kuɗin mota, ya ba shi wurin kwana, ya koya masa sayar da tumatir da albasa a Mile 12, ba rana ɗaya yake wayar gari ya janye masa abokan ciniki ba. Yana farawa ne da “na fi wane daɗewa amma shi aka ba mabuɗi”. Ya haɗiye, ya yi ta juya maganar a ransa wata da watanni, har ranar da taɓa kuɗin ciniki zai zame masa kamar karɓar haƙƙinsa. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, ta ƙara 4 a Satumba, hanyoyin samu sun ƙuntata, mutum goma na kallon gurbi guda. A irin wannan matsi ne wani ke kai sunan ɗan garinsu wurin hukuma ko wurin mai shago don ya gaji wurinsa, yana cewa ai gaskiya ya faɗa.

Buri ba laifi ba ne. Wanda ya baro Sakkwato ko Katsina ya zo nan yana kwana a rumfa, dole ya so ya tsaya da ƙafarsa. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa alamomin munafuki uku, ta ukun ita ce idan an amince masa ya ci amana, kuma bai ware wanda aka ɓata wa rai ba.

Don haka idan kana ganin an danne ka, faɗa wa maigidanka ido da ido, da ladabi. In kana jin nauyi, nemi limamin masallacinku ko wani dattijo ya shiga tsakani, in ta ƙi a je gaban Sarkin Hausawan unguwa. In zaman ya ƙare, yi lissafi a gaban shaidu, miƙa mabuɗi da rana tsaka, ka yi sallama. Kafin ka kai maganar wani, tambayi kanka ko za ka kai ta da ba ka da abin samu a faɗuwarsa.

Ku ma iyayen gida, ku ji tsoron Allah. Yaro ya yi shekaru yana bauta babu maganar ranar sallama, kun shuka masa ƙulli da hannunku. Ku yanka lokaci tun farko, ku faɗi abin da za ku ba shi, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu.