Ƙannena masu rubuta manhaja, ku kula da alamar daidai

Ƙannena, don Allah ku daina raina alamar daidai. A yaren C da C++ da JavaScript, = guda ɗaya zuba ƙima take yi a cikin abu, == kuwa tambaya ce: shin wannan daidai yake da wancan? Idan ka rubuta if (kudi = 0) kana nufin tambaya, to ka share kuɗin mutum ya koma sifiri, abin da ke ƙarƙashin sharaɗin kuma ba zai taɓa gudana ba. Kwamfaila, wato manhajar da ke fassara rubutunka zuwa yaren na'ura, ba za ta hana ka ba, domin a ƙa'idar C rubutun halas ne. Abin da ke tayar mini da hankali ke nan: shiri yana tafiya lafiya lau, ɓarna na ci a ciki.

A watan Nuwamban 2003 wani ya kutsa cikin kwafin rubutun Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da ke ajiye a CVS, wata ma'ajiyar rubutun manhaja, ya ƙara layi biyu. A ciki akwai current->uid = 0. Duk wanda ya duba cikin sauri zai ɗauka ana tambaya ne ko mai amfani shi ne root, wato mai cikakken iko a kwamfutar, wanda lambarsa (uid) 0 ce. Alhali layin naɗa shi root yake yi, ya miƙa masa ragamar kwamfutar gaba ɗaya. Da gangan aka yi, aka ɓoye mugunta a rigar tuntuɓen yatsa. Larry McVoy, wanda ya ƙirƙiri ma'ajiyar BitKeeper, ya gano ne saboda canjin ba shi da asali a BitKeeper, inda ainihin aikin yake a lokacin. Wanda ya dasa layin ya san ido yakan karanta abin da yake tsammani, har idon gwanaye.

Saboda haka kada ka dogara da idonka, musamman da tsakar dare kana gyangyaɗi. Kunna -Wall, zaɓin da ke fito da gargaɗi, a kwamfailar GCC, ka karanta kowane gargaɗi. Kada ka ƙara wa sharaɗin baka biyu, wato (( )), don kawai kwamfaila ta yi shiru. Wasu suna rubuta if (0 == kudi) domin in alama ɗaya ta faɗi, kwamfaila ta ƙi. Dabara ce mai kyau, sai dai ba ta cetonka idan duka ɓangarorin biyu masu canzawa ne.

Mai JavaScript ya riƙe ===, wadda ke duba har nau'in ƙima, domin a can 0 == "" gaskiya ne. Haka & da &&: ta farko tana haɗa lambobi bit-bit, ta biyu tana tambaya ko duka biyun gaskiya ne. A C, 2 && 1 gaskiya ne, 2 & 1 kuwa sifiri. Kafin ka miƙa aiki, sa 500 a kudi, ka gudanar da sharaɗin, sannan ka buga ƙimar ka ga ko 500 ɗin tana nan.