Ba a barin tuta ta kwana a sanda

Mutane da yawa na ganin in an kafa tutar Najeriya ranar 1 ga Oktoba, barinta a sama dare da rana shi ne kishin ƙasa. Niyyar mai kyau ce, amma ƙa'idar ba haka take ba. Da safe ake ɗaga ta, a sauke da faɗuwar rana, a ninke kada ta taɓa ƙasa. Dokar tuta ma ta hana kafa wadda ta lalace.

Dubi tutar da aka bari a sama a makaranta tun Oktoba. Kafin hunturu ya wuce koren ya koɗe, farin ya yi ja da ƙura, iska ta yayyaga bakin da ke kaɗawa. Irin wannan sauke ta ake yi a sa sabuwa.